Bango Babu Rufi

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a yankin Illela, ɗiyata ba ta daɗe da barin nono ba. Na bar ta Konni wurin uwar mijina, don shi maigidan gyaran mota yake yi a bakin tasha, ba aikin da zai ɗauka ya bi ni ƙauye da shi ba ne. Motar kasuwa ta sauke ni a bakin hanya, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni kan babur cikin rairayi, katifata a naɗe a bayana, tukwane da risho a cikin buhu.

Lakwal ɗin garin, wato makarantar boko, rumfa biyu ce ta zana da kara, a wani fili bayan gari. Kowace shekara sai an gama yankan hatsi iyayen yara ke samun karan da za su tayar da ita, saboda haka lokacin da yaran birni suka yi nisa da karatu, mu muna jiran kaka. Ruwan farko kuma shi ke rufe mana shekara, ko an gama karatu ko ba a gama ba. Yara na zama a ƙasa kan tsofaffin buhuna, allon rubutu a rataye jikin dirka. Na tarar da mushe ɗaya a wurin, wato malami namiji, muka yi ƴan watanni tare, aka canja masa gari, ba a kawo wani ba. Sai na zama ni kaɗai, in ba wa manya aiki a wannan rumfa, in ruga waccan in tarar da ƙanana suna kokawa.

Maigari ya sauke ni gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza duk suna ci-rani. Inna nake ce mata, ita kuma tun ranar farko ta ƙi ce mini Madan, wato malama, kamar sauran mutanen gari, ta ce ɗiyata za ta riƙa cewa. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tana da wata jar akuya da take ɗaurewa a gindin bishiyar bedi, tana yi mata faɗa kamar mutum in ta ci ɓawon da ba nata ba. Bayan la'asar matan unguwa kan taru a tsakar gidan ana ɓarar gyaɗa, ni ma in shimfiɗa tabarmata in sa hannu. Da wayata suke kiran mazansu da ke Abijan ko Legas, in danna musu lamba, in koma gefe kamar ba na ji. Suka koya mini dakan fura irin nasu, suna dariyar yadda nake riƙe taɓarya. In na dawo daga Konni kuwa sai sun tambaye ni yarinya, ko ta fara magana, ko haƙoranta sun cika. Ban san na saba da wannan zaman ba sai daga baya.

A shekarata ta biyu, gab da faɗuwar damina, iska ta taso da hantsi muna cikin karatu. Kafin in fitar da yaran, rumfar ƙanana ta kwanta. Dirka ta bugi wata yarinya a kafaɗa, Allah ya taƙaita ba ta karye ba, amma ta yi makonni ba ta ɗaga hannun. Na kai labari wurin sufeton makarantu, maigari kuma ya kai wa magajin gari.

Bayan kaka wani ma'aikacin ofishin magajin gari ya zo kan babur da amsa. Ya ce an sami masu taimako da za su ba da siminti da ƙarfe da ladan magina a gina aji uku, amma sai gari ya ɗauki nasa kason. Yashi da duwatsu da ruwa na mutanen gari ne. Kuɗin rufi da ƙofofi da kujeru kuma za a ɗora su a kan lanho, wato harajin da kowane gida ke biya, a riƙa ƙara wani abu duk bayan kaka har kaka uku. Ya ce ba za a aza tubali ko ɗaya ba sai mutanen gari sun zaɓa da kansu, maza da mata, kuma in aka zaɓa, da wanda ya yarda da wanda bai yarda ba duk sai sun biya.

Maganar ta shiga gari. A bakin masallaci ita ake yi, a bakin rijiya ma ita. Shugaban iyayen yara, wani mai amalanke da ke da yara huɗu a wurina, shi ya ja gaban masu so. Ni ma ban ɓoye ba, duk gidan da na shiga sai na faɗi ra'ayina. Na ɗauka Inna tana tare da ni, tunda jikokinta biyu suna rumfar ƙanana. Wata rana muna matsar tunkuza na tambaye ta kai tsaye. Ta amsa tana juya mai a kasko.

"Ɗiyata, ba gini niƙ ƙi ba," in ji ta. "Alkawali da hatsin da ba a shuka ba, shi niƙ ƙi. Ni na ga shekarar da munka ci ganye har bakinmu ya yi baƙi. Ke albashi gare ki."

Na ce mata kaka ukun da suka wuce duk an samu. Ta ce haka ne, ta ci gaba da aikinta.

Ranar zaɓen aka taru a filin lakwal da safe. Ma'aikacin ya sake karanta sharuɗɗan, dattawa suka yi ta bayani, wasu na so wasu na ƙi. Can maigari ya waiwayo ya ce Madan ma ta faɗi nata. Ban shirya ba. Na tashi na ce ni ba ƴar garin ba ce, gobe ana iya ɗauke ni, amma yaran nasu ne. Na ce ranar da rumfa ta faɗi ni na ciro yarinyar daga ƙarƙashin zana, kuma ban san abin da zan gaya wa uwarta ba da dirkar ta sauka a kanta. Na ce duk shekara yaransu na rasa kusan rabin karatu, sannan a kai su jarrabawa ɗaya da ƴan Illela. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na ga mata suna kallon juna.

Ba takarda aka jefa ba. An ce masu so su koma gindin gawo, masu ƙi su tsaya wajen shingen gonar maigari. Ni ba ni da ƙuri'a, sai na tsaya a tsakiya kusa da babur ɗin ma'aikacin. Mutane suka yi ta ratsawa ta gabana. Wasu matan sun nufi shinge, suka tsaya, suka juya zuwa gawo. Inna ta tashi a hankali, ta kakkaɓe zanenta, ta wuce ta gefena ba ta dube ni ba, ta je ta tsaya jikin shinge. Da aka ƙidaya, ƴan gawo sun fi yawa, amma ba da yawa ba. Mai amalanke ya zo yana murna, ya ce da ƙarfi kowa na ji, maganar Madan ce ta juyo da mata. A lokacin daɗi na ji.

Aka fara aiki cikin rani. Amalanku suka yi ta kawo yashi daga gulbi, mata na jerawa da tulu da jarka tun da sassafe, har da waɗanda suka tsaya jikin shinge. Inna ma ta ɗauko nata ɗan tulun. Magina daga Malbaza suka zo suka buga bulo, bango ya tashi har ya wuce kan mutum, aka bar gurbin taga da ƙofa. Yara kan shiga su yi ihu don su ji muryarsu ta dawo. Kafin damina maginan suka tattara kayansu, suka ce za su komo in kuɗin rufi sun fara shigowa.

Daminar ta fara da kyau. Na tafi hutu Konni, na dawo na tarar da hatsi ya yi ciki, sai ruwa ya ɗauke. Aka yi roƙon ruwa, hadari ya haɗu ya watse. Ina gani gonaki suka koma launin toka tun daga gefen hanya. Wanda ya saba cika rumbu, a shekarar nan abin da ya samu bai wuce ya ɗauko a kan jaki ba. Maza suka fita ci-rani tun kafin lokaci, har da waɗanda ba su taɓa fita ba. Mai amalanke ya sayar da jakinsa ya bi su. Kuma lanho bai fasa zuwa ba, da ƙarin da aka zaɓa a kansa. Ɗan aiken maigari ya fara bin gida gida.

Ba wanda ya zage ni. Da ma an zage ni, da na san abin da zan amsa. Abin ya zo a hankali. Matan da ke zuwa ɓarar gyaɗa suka ragu, na ce don babu gyaɗar ne. Sai na lura masu neman waya ma sun daina zuwa, sun koma wurin mai shago da ke karɓar kuɗi. In na isa rijiya hira ta tsaya, a amsa mini sallama da kyau, a ba ni wuri in ɗiba kafin kowa, kamar baƙuwar da ake so ta gama ta tafi. A bakin yara na ji sunan da aka sa wa ginin: bangon Madan. Wasu iyayen suka cire ƴaƴansu, suka ce akwai aiki a gida. Na je gida biyu ko uku in roƙa, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, aka bar ni zaune ni kaɗai har na gaji na tashi.

Inna ba ta fasa aiko mini da tuwo ba, ko da ya koma na garin rogo da miyar da ba mai. Amma ta daina fitowa mu ci tare. Sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofata ta ce ga shi nan, ta shige ɗaki. Na sayo buhun shinkafa daga Illela na kai mata. Ta karɓa ta yi godiya, ta raba wa maƙwabta, ba ta ce daga ina ya fito ba.

Mutum ɗaya ce ta ci gaba da zama da ni, wata Bafulatana mai tallar nono da ke zuwa daga rugarsu ranar kasuwa. Ita ba ruwanta da zaɓen, ba a kira mutanen ruga ba. Takan sauke ƙwaryarta a inuwar ɗakina ta huta, ta ba ni labarin shanunsu da suka rame. Daga bakinta na ji cewa ta ga jar akuyar Inna a kasuwar dabbobi. Na leƙa gindin bedi, igiya ce kawai a ɗaure. Kwana biyu ina wucewa ta wurin ban lura ba.

Na sami Inna a ɗaki tana tsintar wake. Na durƙusa na ce ta yi mini arziki ta bari in biya mata kasonta, a je a karɓo akuyar tun ba ta yi nisa ba. Na ce ita fa ba ta ma yarda da abin ba tun farko.

"Gari ya yanke," in ji ta. "Ni ko ɗiyar garin ga ce, can anka haihe ni bayan masallaci. Abin da ya hau kan gari ya hau kaina. Ke baƙuwa ce, Madan, ba a aza ma baƙo lanho."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ranar ce ta fara ce mini Madan. Na koma ɗakina na zauna a bakin katifa har aka kira magariba.

A shekarar ko karan yin rumfa bai samu ba, an bar wa dabbobi. Sai na kwashe yaran da suka rage muka shiga cikin bangon. Na shimfiɗa tsofaffin zana a kusurwa ɗaya, muna bin inuwa, da safe muna gabas, in rana ta ɗaga mu ja buhunanmu mu koma inda ta saura. Ranar Lahadi ba ni da wurin zuwa, sai in ɗauki littattafan yara in tafi can in gyara. Awaki kan shigo su kwanta a ajin ƙarshe. A kusurwar arewa, in na hau kan wani bulo da magina suka bari, waya ta fi kamawa. Nan nake kiran Konni. Ɗiyata ta iya magana sosai a lokacin, amma in aka kara mata wayar sai ta yi shiru, ina jin numfashinta, ina jin kakarta na cewa gaida mamanki mana. Wani lokaci ta gaishe ni, wani lokaci ta gudu.

Maigidan ya ce in nemi canji in dawo, ya gaji da ganina ina ramewa. Na rubuta takardar neman canjin, sufeto ya ce babu wanda zai maye gurbina, in ƙara haƙuri. Gaskiya ko da ya sake ni ban san yadda zan bi ta tsakiyar garin da kayana ba, bangon yana tsaye haka.

Maigari ne ya kira ni wata safiya, ya ce in shirya in raka shi ofishin magajin gari, don ni na iya faransanci in an kawo takarda. Tsoho ne da ba ya yawan magana. Muka hau babur biyu. A can ya zauna ya bayyana halin da garinsa ke ciki, gida nawa suka sayar da dabba, gida nawa babu namiji. Ya ce ba su ƙi biya ba, alkawari ne sun ɗauka a gaban juna, amma a sassauta. Aka saurare shi. Aka yarda a dakatar da ƙarin na wannan shekara ga wanda bai riga ya biya ba, sauran kuma a shimfiɗa shi a kan kaka masu yawa, a rufe ajin ɗaya bayan ɗaya. A hanyar komawa muka tsaya shan ruwa, ya ce mini mutane na jin yunwa ne, mai jin yunwa kuma sai ya sami wanda zai ɗora wa. Ya ce da ba ni nan, shi za su ɗora wa. Ban san ko lallashi ne ko godiya ba.

Sassaucin ya kwantar da gari, amma bai dawo mini da tsakar gidan ba. Wasu matan suka koma gaishe ni da fara'a, yara suka fara dawowa. Zaman la'asar ɗin dai ya koma wani gida a ƙarshen unguwa, kuma ba wanda ya ce in zo.

Damina ta gaba ta yi kyau daidai gwargwado. Maza suka dawo, aka tara abin da aka tara, maginan suka zo suka rufe aji ɗaya da kwano, aka sa ƙofa da tagogi, aka kawo kujeru. Ba a yi wani biki ba. Na sa ƙanana a ciki, manya suka ci gaba da bin inuwa.

A ƙarshen shekarar karatun, ruwan farko ya same mu muna cikin aji. Na tara yaran duka a mai rufin. Ina rubutu a allo na ga mutum a bakin ƙofa, Inna ce, ta lulluɓe kanta da buhu, ta biyo jikokinta saboda hadarin da ta gani. Na ce ta shigo. Ta zauna a kujerar baya kusa da ƙaramin jikanta, gwiwoyinta sun tokare teburin. Ruwa ya sauko da ƙarfi, kwanon ya ɗauki ƙara har ba ma jin juna, yara suna dariya suna toshe kunne. Ta ɗaga kai tana bin rufin da kallo, ta duba ko'ina ko zai zuba. Da ruwan ya tsagaita ta tashi, ta shafa bango da tafin hannu.

"Ya yi kyau," ta ce. "Amma ko yau anka sake tambaya, shinge za ni."

Na ce na sani, Inna. Ta kama hannun jikokin suka fita.

Takardar canjina ta iso bayan ƴan makonni, an maida ni wata lakwal a Malbaza, kusa da gida. Ranar da zan tafi an kwana ana ruwa, gari duka ya fita shuka tun asuba. Na ɗaure kayana, na share ɗakin, na fito tsakar gida babu kowa. Inna ta bar mini ƙullin ƙuli-ƙuli da kwalbar mai a bakin ƙofa, ita ma ta tafi gona. Na kai mabuɗin ajin gidan maigari, na tarar da wata tsohuwa makauniya kaɗai, na sa mata shi a hannu na gaya mata na mene ne. Ɗan kabu-kabu yana jirana. Muna fita gari na hango mutane a gonaki, sun jeru, maza na sara mata na zuba iri. Wasu suka ɗaga hannu. Daga nesa ban gane ko su wane ne ba, na ɗaga musu nawa.

Sauran aji biyun an rufe su daga baya, wani mushe da ya zauna can ne ya gaya mini da muka haɗu wurin taron malamai. Shi ne kuma ya ce tsohuwar da ke ƙuli-ƙuli ta rasu tun bara. Na tambaye shi ko ta yi jinya, ya ce bai sani ba, shi a wani gidan aka sauke shi.